Guɗar da Aka Yi wa Ƙanena

Ni ba a gidan ɓarayi aka haife ni ba. Na fara da wannan ne don kada wani matashi ya karanta labarina ya ce ai shi gidansu gidan ibada ne, abin ba zai same shi ba. Mahaifina dattijo ne a ikilisiyar ƙauyenmu, can tsakanin Tudun Wada da Doguwa, kuma tun ban iya ɗaura wando ba nake cikin 'yan waƙar coci. Mu biyu ne maza a ɗakinmu, ni da ƙanena Ayuba. Shi manomi ne na gaske, irin wanda rana ba ta fito masa a gida. Ni kuwa sana'ata feshi, in goya famfo a baya in bi gonakin mutane ina fesa maganin ciyawa.

Al'adar cocinmu ce, idan an gama girbi a keɓe Lahadi guda ta godiya. Kowane magidanci zai ɗauko abin da zai ba Allah daga amfanin gonarsa, a kira sunansa, ya taho da shi gaba ana kiɗa ana waƙa. A shekarar da nake ba ku labari, da aka kira Ayuba sai da ƙarti uku suka taya shi ɗauko buhunan masara. Matan zumuntar coci suka ɓarke da guɗa har kwanon rufi yana amsawa. Da aka kira ni, na fito da 'yar dawata a gindin buhu, na ajiye na koma wurina. Ba wanda ya yi mini dariya, kada in yi wa mutane ƙage. Guɗar ce dai ba a yi ba. Da muka fito Baba ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka ga ƙanenka ko? Allah ya sa baɗi mu ga naka." Addu'a ya yi mini, ni kuwa na ji ta kamar mari.

Daga ranar wani abu ya zauna mini a ƙirji. Ban ba shi suna ba, ban kuma gaya wa kowa ba. In Ayuba ya gaishe ni, in ji kamar ba'a yake yi. In matarsa ta aiko mini da tuwo, in ce sadaka suke ba ni. Na ce a raina dole ni ma a yi mini guɗa, ko ta wace hanya.

Da damina ta kama na fara da ƙaramin abu. Manomi zai ba ni kwalbar magani in fesa masa, sai in fesa rabi in ɓoye rabi. Ran farko tsoro ya hana ni cin abinci. A na biyar kuwa har fito nake yi da baki ina feshi. Daga nan na koma tsince kwalaben da aka yar, in ɗura musu ruwa mai kala da ɗan magani kaɗan don wari, in liƙe murfin yadda ko mai shago ba zai gane an taɓa buɗewa ba. Nakan kai su kasuwannin da ba a san ni ba, wajen Kiru da Bebeji. Hannuna ya fara kauri, na sayi babur, amma abin nan na ƙirjina bai ƙoshi ba. Ashe ba samu nake so ba. So nake Ayuba ya rasa.

Maganin ciyawa iri biyu ne. Akwai wanda ake fesawa kafin shuka, shi duk wani kore da ya taɓa sai ya mutu. Akwai kuma wanda ake fesawa bayan masara ta fito, ya kashe ciyawa ya bar masara. Ayuba bai san kalarsu ba, bai san warinsu ba, domin ni nake yi masa feshi tun da ya fara noma. A damina ta biyu bayan waccan guɗar, masararsa ta kai gwiwa, ta yi kore shar, ya sayo na biyun a shagon Malam Habu. Malam Habu Musulmi ne, abokin Babanmu tun suna samari. Da sallah yakan aiko mana da nama, da Kirsimeti mu aika masa da shinkafa.

Wata Lahadi ana tsakiyar wa'azi na zame daga coci kamar zan kewaya. Na shiga gidan Ayuba, ba kowa sai kaji. Na juye kwalabensa, na ɗura musu mai kashe komai, na liƙe murfi. Ina jiyo waƙar da ake yi a coci, kuma wallahi bakina yana bin waƙar hannuna yana aiki. Na koma na zauna kusa da shi aka yi addu'ar rufewa tare.

Washegari ya zo da sassafe ya ce, "Yaya, yau za ka fesa mini?"

Na ce, "Bayana ya riƙe. Ɗauki famfon, ai ba wuya."

Ya yi mini sannu, ya ɗauka ya tafi. Da hannunsa ya bi gonarsa kunya-kunya yana kashe ta.

Kafin mako ya zagayo ganye ya yi rawaya, ya koma ja, ya kwanta. Na same shi tsaye a tsakiyar gonar ya ɗora hannu biyu a ka, hawaye na zuba ba sauti. Abin da zan faɗa yanzu shi ne ya fi ba ni tsoro a duk labarin nan, har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi. Daɗi na ji. Wani sanyi ya ratsa ni tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Na rungume shi ina cewa ya yi haƙuri, fuskata a bayan kafaɗarsa ina murmushi.

Mutane suka fara tambayar yadda aka yi, ni kuwa tsoro ya kama ni, don an san waye ya san kan magani a gidanmu. Sai na riga kowa magana. Na ce Malam Habu ne ya sayar masa da mugun magani da gangan. Wani ya ce haba, me Ayuba ya yi masa? Na ce, "Ba sai ya yi masa komai ba. Ba sa son ganin Kirista ya yi arziki ne." Ni kaina na san ƙarya ce tsagwaronta. Amma na yi ta maimaita ta a majalisa, a bakin rijiya, a wurin mai shayi, har samarin da Malam Habu ya sha ba su maganin ƙwari kyauta suka fara tofar da yawu in sun wuce shagonsa.

Ran kasuwa da hantsi abin ya fashe. Samari suka yi dafifi a ƙofar shagon da sanduna. Ayuba ya zo a guje ya tsaya a gaba, ya ware hannuwa yana ihu, "Ku bari! Gonata ce, na yafe! Ku bari!" Ni ina can baya. Na zuƙo fetur daga tankin babur ɗina a gora, na zagaya ta bayan shago na watsa na ƙyasta ashana. Da Malam Habu ya fito daga cikin hayaƙi yana tari, na ɗauki dutse na jefa daga cikin taro. A ido ya same shi. Ranar mata da yara na ɓangarorin biyu a jeji suka wuni. Ba don dattawan masallaci da na coci sun fito sun tsaya tare a kan hanya ba, da yau ba ƙauyen da zan ce muku namu ne.

Da 'yan sanda suka zo suka tambayi wanda ke gaba, kowa ya ce Ayuba, don shi aka gani. Aka tafi da shi. Na tsaya ina kallo har motar ta ɓace.

Wata bakwai yana tsare yana jiran shari'a. Ni kuma na ci gaba da sana'ata, sai dai barci ya ƙaurace mini. In na ji ƙarar mota sai in shige ɗaki. In na haɗu da Malam Habu da bandeji a fuska sai in canza hanya. A wata kasuwa wajen Kiru dubuna ta cika. Wani manomi da na cuta ya gane ni, ya riƙe mini riga yana kururuwa, aka buɗe kwalaben a gaban jama'a. Alƙali ya yanke mini hukunci, aka kai ni gidan yari. Ina shiga tsakar gidan, wa zan gani? Ayuba, ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito.

Ya rungume ni ya ce, "Yaya, kai ma sharri suka yi maka?" Na ce e. Daga ranar yake raba gabzarsa, tuwon gidan yari, biyu ya tura mini rabi, wai ni ban saba ba. Ya ba ni bargonsa. Kowace loma da na haɗiya sai in ji kamar garwashi.

Akwai wani tsohon fasto da ke zuwa mana ran Lahadi da rana. Wata rana na ja shi gefe na ce, "Baba, in Allah nagari ne, daga ina mugunta ta fito? Ni dai na san Shaiɗan ne ya shiga jikina." So nake ya ce e, in samu wurin fakewa.

Ya dube ni ya ce, "Ɗana, Allah bai halicci mugunta ba, duk abin da ya yi mai kyau ne. Mutum ne ya juya masa baya. Shaiɗan yana ƙwanƙwasawa, gaskiya ne, amma sakatar ƙofar tana ta cikin ɗakinka. Ka tuna mutumin da ya fara zubar da jini a duniya? Ba a mashaya ya ɗauko ƙiyayyarsa ba. A wurin miƙa wa Allah baiko ya ɗauko ta, da ya ga an karɓi na ƙanensa."

Na zauna a ƙasa. Mutumin nan bai san ni ba, bai san ƙauyenmu ba. Na ce, "Baba, mai irin wannan laifin yana da gafara?" Ya ce, "Saboda irinsa Yesu ya mutu. Amma ba za ka nemi gafara da baki ba alhali wani na ɗauke da laifinka a ka."

Kwana uku ina juya maganar. In na faɗa, shekaru za a ƙara mini, Baba kuma zai ji. In na yi shiru, Ayuba zai ruɓe a nan. Ran na huɗu ya turo mini rabin abincinsa kamar kullum, na riƙe hannunsa na ce, "Ayuba, ni na sauya maka magani. Ni na sa wuta. Ni na jefi Malam Habu."

Ya yi dariya tukuna, yana zaton wasa ne. Da ya ga fuskata dariyar ta mutu. Ya ce, "Me na yi maka, Yaya?"

Na ce, "Guɗa aka yi maka."

Ya tashi ya bar ni da kwanon. Na maimaita maganar a gaban jami'ai, na maimaita a gaban alƙali. Aka sake shi, ni aka ƙara mini shekara shida. Baba ya rasu ina ciki, kuma an ce tun daga ranar da ya ji bai sake zama a kujerar dattawa ba.

Da na fito, wurin Malam Habu na fara zuwa. Na durƙusa a ƙofar sabon shagonsa. Ya juyo da idonsa guda ya dube ni, ya ce, "Na yafe maka don Allah da kuma darajar ubanka. Tashi, kada mutane su taru." Ayuba ma ya ce ya yafe, ya ba ni gefen gonarsa in noma. Sai dai ɗakin da yake ajiye magani yanzu da kwaɗo yake, kuma ban ga laifinsa ba.

Ku matasa, ba sata nake so ku fi jin tsoro ba, ba kuma gidan yari ba. Ku ji tsoron ɗan ƙuncin nan da ke taso muku in an yabi wani a gabanku. Kamar ƙuduji yake, yana can ƙarƙashin ƙasa yana shan saiwa tun kafin ka ga furensa. Ranar da kuka ji shi, ku kira shi da sunansa, hassada, ku faɗa wa Allah, ku faɗa wa wani babba, kada ku kwana da shi. Kada kuma ku yarda wani ya ɗaura wa ƙiyayyarsa rigar addini ya miƙo muku ku sa.

Bara aka yi godiyar kaka, ina zaune a bencin baya. Aka kira Ayuba, mata suka ɓarke da guɗa. Ina gaya muku gaskiya, bayan duk shekarun nan, bayan kurkuku, bayan idon Malam Habu da kabarin Baba, na ji abin nan ya motsa a ƙirjina. Bai mutu ba. Na ce, "Yesu, ka taimake ni." Na miƙe na je bakin ƙofa inda buhunansa suke, na sunkuya na ce a ɗora mini ɗaya. Ayuba ya dube ni, sannan ya kama kunnen buhun ya ɗora mini a ka. Na bi bayansa har gaba, ana ta yi masa guɗa.