Malam Sabo Mai Tsayawa a Baya

Duk wanda ya ce Malam Sabo bai iya koyarwa ba, ya zo ya faɗa a gabana. Haifaffen Misfala ne, wata unguwa a ƙasa mai tsarki, jikan alhazan Kano, kuma ruwa yake kai wa makarantarmu a garwa biyu. A 1952 mudir, wato shugaban makarantar, ya samo ganguna shida na fareti. Malamai duk suka ƙi karɓar koyar da kiɗan, sai aka miƙa wa mai ruwa.

Shi ba ya tsayawa a gaba da sanda, bayanmu yake tsayawa. Cewa yake mai kallon malami ba ya sauraren ɗan'uwansa. In ɗaya ya kauce ba a dakatawa, sauran su sassauta, su bi shi, su dawo da shi hanya. Kowa kuma akan bar masa fili ya buga abin da ke ransa.

Ni Yunus, zazzaɓi ya kashe min kunne ɗaya, ɗayan ma sai a hankali. A kafaɗata yake buga min kiɗan da yatsu biyu har ya zauna min a jiki.

Ana jibi baƙi za su zo, mudir ya ce a cire kurman nan kada ya ba da mu, Sabo kuma ya koma gaba kamar kowane malami.

"Ustaz, ganguna naka ne," in ji Malam Sabo, "amma Yunus ba ya fita."

Mudir ya ce to shi Sabon ya fita, ya bar kiɗan, ya bar kawo ruwan. Ya saɓi garewaninsa ya tafi, ko waiwaye babu. Na tsani mudir ɗin nan ranar, kuma har yau ban huce ba.

Ranar fareti mudir ya kulle gangata, ya ɗaga sanda da kansa. Ba wanda ya buga a cikinsu. Ya sake ɗagawa, baƙi suna kallo. Sai Mahmudu, gwanin cikinmu, ya taho gefe inda nake rakuɓe, ya rataya min gangarsa, ya tsaya a bayana, ya ɗora yatsu biyu a kafaɗata. Muka buga, ba wanda ya kalli sandar.

Ba a mayar da Malam Sabo ba, a kasuwa ya ƙarasa tallan ruwansa. Amma da muka fito ranar, ga shi jingine da katangar makaranta cikin rana, idanunsa jajur. Ya matso saitin kunnena mai ji.

"Na ji ka tun daga nan," ya ce. "Saurinka ya yi yawa a tsakiya."