Sunan da Inna ta ƙi faɗa wa na'ura

Wani yaro mai digiri ya rubuta a takarda cewa uwata ba ta san sunan ɗanta ba. Ni ne ɗan.

Mun tashi da asuba daga Gure, ni da Inna. Hannunta na rawa shekara biyu, ko ludayi ba ta iya riƙewa. An ce wani likita ɗan ƙasarmu ya dawo daga Turai, yana Damagaram da na'ura mai basira, wadda in ta ji maganar tsoho sai ta gane ciwon ƙwaƙwalwa tun bai nuna ba.

Jika uku-uku na sefa muka biya kuɗin mota, mu biyar a kujerar mutum uku. Kwaltar duk ta mutu, direba na bin gefe. A Gidigir na sayi fura, ni na ba ta a baki, rabi ya zube a zane. 

Azahar muka shiga Damagaram. Likitan ya ce shekara goma sha biyu ya yi yana koya wa abin aiki. Na'urar ta yi Hausa irin ta rediyo, ta ce Inna ta lissafa 'ya'yanta. Inna ta faɗi shida tsaf, daga na biyu zuwa auta. Na'urar ta ce saura ɗaya. Inna ta sunkuyar da kai.

Ni a aji shida na bar lakwal, makarantar boko, amma na san uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Shekara hamsin da biyu “wancan” take ce mini. Na'ura ta ɗauki kunya ta mai da ita mantuwa, shi kuma ya sa hannu. Hannun da ya kawo mu, ko kallonsa bai yi ba.

Washegari muka juyo. Mun wuce Gidigir, rairayin Gure ya fara bayyana, sai ta taɓa gwiwata, ta dube ni kamar baƙo.

“Malam, ba ka ga Lawali ba? Tun safe ya fita da awaki.”

Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. 

Abin da tafiyar ta koya mini, da bakina na faɗe shi ban sani ba. Tun a Damagaram, kafin mu fito daga ofishin likitan, na tsaya gabansa na ce: “Likita, ka tambayi taka uwar kafin ka tambayi ƙarfe. Muddin tana ɓoye sunana, hankalinta na nan. Ranar da ta faɗe shi, ranar na rasa ta.”