Mai Shara a Ƙofar Asibitin Haƙori

A ƙofar wani asibitin haƙori a garin Los Algodones na ƙasar Meziko, dab da iyakar Amurka, wata dattijuwa tana shara kamar da ƙasar take faɗa. Kuncinta na dama ya kumbura suntum, tana tauna kanumfari a hankali. Da ganin idonta, ta kwana biyu ba ta runtsa ba. Amurkawa masu furfura suna tsallako iyaka da ƙafa, suna wuce ta zuwa ciki.

"Doña Remedios, har yanzu likitan asibitin gwamnati bai dawo ba?" in ji mai sayar da tamale, wato alalen masara.

"Ina zai dawo? Ga shi can ciki yana wanke wa baƙi haƙora! Mu kuwa an ce mu jira watan Maris."

Manajan asibitin ya leƙo. "Iya, don Allah koma ta baya. Fuskar nan taki tana korar mana mutane."

Ta san musu ɗaya zai raba ta da aikin. Ta jingine tsintsiyar, ta gyara mayafi, ta tare baƙon da ke tahowa.

"Shiga, señor," in ji ta. "Likitanmu ne. Hannunsa da sauƙi."