Maganin jini, wanne?

Shekara huɗu ke nan da rasuwar kakata, mahaifiyar babana, wadda duk garin Tsibiri ake kira Iya. Ina 'yar firamare a lokacin, kuma ni ce mai zama kusa da ita ina kallon hannunta.

Iya ba ta son kwalin magani. Da an sayo mata daga farmasi sai ta ɓare ƙwayoyin ta juye cikin wani gwangwanin madara, fari da ja da ruwan ƙasa, duk wuri guda. Idan na tambaya, sai ta ce, "Maganin jini ne, ƙawata, ba alewa ba." Ina yawan ganin ɗan ja a kan asawakinta da safe, da baƙin tabo a damtsenta inda ba ta bugu sosai ba.

Wata ranar Laraba ta zame a bakin rijiya, goshinta ya tsage kaɗan. Jinin ya ƙi tsayawa. A asibiti a Maraɗi aka tambayi abin da take sha, Baba ya ce maganin jini. Suka ɗauka na hawan jini ne, shi ma haka ya ɗauka. Alhali a cikin gwangwanin akwai mai tsinka jini, wanda aka rubuta mata saboda zuciyarta. Kafin a gane, jinin da ke zuba cikin kanta ya yi yawa.

Bara ƙafar Baba ta kumbura, lokotoro a asibiti ya ce gudan jini ne, ya ɗora shi kan irin maganin Iya, mai tsinka jini. Daga ranar Mama ta hana a raba ƙwaya da kwalinta, ta kuma sa kwali ɗaya da ya ƙare cikin jakar hannunta.

A daminar nan kabu-kabu ya kayar da Baba a hanyar Jiratawa. Da muka isa asibiti, muka tarar wani ya danne masa cinya da rawani, rawanin ya jiƙe sharaf. Mama, wadda ba ta ɗaga murya gaban maza, ta miƙa wa lokotoro kwalin ta ce, "Mai tsinka jini yake sha. Da safen nan ya sha." Na ga fuskar lokotoron ta canza. Aka yi masa allurar da ke karya ƙarfin maganin, aka ƙara masa jini, aka duba kansa ko da yake bai ce yana ciwo ba. Kafin la'asar jinin ya tsaya.

Nakan yi tunanin me Iya za ta ce da ta gan mu yau. Ina jin dariya za ta yi, ta ce mun tsawaita sunan abu kamar kirarin sarki. Sannan ta shafa ƙafar ɗanta.

Gwangwaninta yana nan, maɓallai da allura nake zubawa ciki. Jiya Baba, yana dogara sanda, ya ce wa Mama ta miƙo masa maganin jininsa. Ni da ita da ƙanena muka haɗa baki muka ce, "Wanne?"

Ya dube mu, ya faɗi sunan gaba ɗaya, sannan aka ba shi.