Tagar da Na Bar wa Surukata

Ko me zan manta a rayuwata, ban ga ranar da zan manta da shigata jirgin sama ta farko ba. Kada ku ɗauka don na ga abin da na daɗe ina mafarkin gani ne. Ai ban ma gan shi ba, kuma har yau ban yi da-na-sani ba.

Tun ina ƙarami jirgin sama ya shiga raina ya zauna. A lokacin a Daura sai dai mu hango shi can ƙololuwa, ɗan ɗigo yana jan farin zare, kafin ƙararsa ta iso ya yi nisa. Ni kuwa sai in saki abin da nake yi in bi shi da ido har wuyana ya ƙage. Da na girma na zama malamin firamare, abin bai sake ni ba. Duk zuwana Kano sai na tsuguna wajen masu tsofaffin littattafai a bakin titi, in kwaso mujallun jirage da bangonsu ya yage. A cikinsu na karanta cewa masu gyaran keke ne suka fara tashi sama da inji, kuma jiragen da suka fara sauka a Kano a filin sukuwa suka sauka. Matata takan ce da jirgi mace ne da tuni ta yi yaji.

Muna da majalisa a gindin wata dalbejiya, kan hanyar zuwa rijiyar Kusugu. Shekarun nan ne da aka ƙaddamar da Shari'a, kowa ya zama mai fatawa, kullum da rediyo a tsakiyarmu ana musu. Ni ko me aka ɗauko sai na karkato da shi kan jirgi. In ana maganar shugabanni, in ce ƙasar da ba ta iya kula da jiragenta ba, ba za ta iya kula da asibitinta ba, domin duka biyun gyara suke so tun kafin su lalace. Ranar da aka kai hari da jirage a Amurka kuwa, kowa na faɗin albarkacin bakinsa, ni kasa cin tuwo na yi. Rayukan da suka salwanta sun tsaya mini, ga baƙin cikin an mai da abin da nake ƙauna makami. Abokaina suka laƙaba mini Kyaftin. "To Kyaftin, kai da ko tayar jirgi ba ka taɓa shafawa ba!" Sai a kwashe da dariya, ni ma in yi, amma abin yana yi mini ciwo.

Abu ɗaya nake so a duniya: in zauna bakin taga, in ga girgije ta samansa. Nakan kwanta a tabarma da azahar in rufe ido, in ga kaina ina shawagi, Daura ta koma kamar faifai a ƙasa.

Sai Allah ya kawo hanyar ta inda ban zata ba. Surukata, mahaifiyar matata, tsohuwa ce makiyayiya a wani ƙauye kusa da Baure. Mijinta ya rasu, ba ta da ɗa namiji. Ta sayar da shanunta ta ce za ta sauke farali tun ƙafarta na ɗaukarta. A wannan zamanin mutane sun fara tambayar malamai komai, ita ma ta aika aka tambayo mata. Malam ya ce lallai sai da muharrami, kuma mijin 'yarta muharraminta ne. Haka kujerar Makka ta faɗo kaina.

To ga inda gizo yake saƙar. A Shari'a ni muharraminta ne, amma a al'ada ni da ita ko haɗa ido ba ma yi. Matata ce 'yar farinta, ko sunanta ba ta kamawa, balle nawa. In na je gaishe ta, daga bakin ƙofa nake cire takalmi in tsuguna, kaina a ƙasa, ita kuma ta juya fuska wajen bango tana amsawa. Ban taɓa shan ko ruwa a gabanta ba. Yanzu an ce mu biyu za mu ƙetare duniya. Matata ta yi ta dariya har da hawaye, ta ce, "Ni dai ina so in ga wanda yunwa za ta fara kayarwa a cikinku."

Ranar tafiya da hantsi aka kira jirginmu a Kano. Da na gan shi a tsaye a gabana, sai na bi shi da kallo tun daga hanci har wutsiya. Na shafa jikinsa a bakin ƙofa kamar mai shafa doki. Aka nuna mana kujerunmu, ikon Allah, tawa ce ta bakin taga, daidai bayan fiffike. Inna, surukar tawa, tana gefena a tsakiya, wata Hajiya mai jiki a ɗaya gefen nata. Na zauna na manna goshina da gilashi, na ce a raina yau dai Kyaftin ya kai.

Ban lura da halin da take ciki ba sai da aka ja ƙofa aka rufe. Na ji numfashinta ya canza. Kafin in ankara ta miƙe tsaye, ta rungume jakarta, gumi na tsatstsafo mata.

"A buɗe mini," ta ce, ba da ni take ba, da iska take. "Ni na fasa. A buɗe in sauka."

Ma'aikaciyar jirgi ta zo da sauri tana lallashi. Ta ce in Inna ta dage za a sauke ta, ba a tafiya da mutum dole, amma ta sani jirgin ba zai jira ta ba. Alhazai suka fara juyowa, wani yana cewa a yi mata addu'a, wani yana tsaki. Ni kuwa na san abin da saukar nan take nufi. Shanun sun tafi, shekaru sun ja, in ta taka ƙasa yau ita da Ka'aba sai dai a hoto.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Ni da ban taɓa yi mata magana ta wuce gaisuwa ba, sai ga ni ina zuba. "Inna, ku kwantar da hankalinku. Wannan jirgin ko inji ɗaya ya tsaya, sauran za su kai mu. Matuƙan ma ba ɗaya ba ne." Kai, jama'a! Wai ni a dole mai ilimi. Jin inji yana iya tsayawa sai ta ƙara salati. Duk karatun da na yi na shekaru, a wannan lokacin bai tsinana mini komai ba.

Sai ta yi magana ƙasa-ƙasa, karo na farko da ta fuskance ni. "Malam, ni ba faɗuwa nake tsoro ba. Rai na Allah ne. An rufe ni a rumbu, ba na ganin sama."

Nan na gane. Matar da aka haifa a ruga, ta yi rayuwarta a fili tana bin shanu, ko ɗakinta ba ta rufewa da rana. Daga inda take zaune babu abin da take gani sai ƙeyar mutane da rufi a kanta. Sama kuwa tana nan a gefena, na tare ta da kafaɗata.

Ba zan yi muku ƙarya ba, sai da na kalli tagar nan na ji kamar in yi kuka. Zuciyata tana cewa wa ya sani ko za ka sake samu? Amma na kwance bel ɗina na tashi. "Inna, ku dawo nan. Ga sama a nan."

Wurin ƙunci ne, dole sai da muka goga kafaɗa kafin mu sauya. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta zauna, ta kai fuskarta jikin gilashi, ta daɗe tana kallon sararin Allah. A hankali numfashinta ya daidaita. Ma'aikaciyar ta ɗaura mata bel, ta ɗaga mini gira, ta wuce.

Da jirgin ya ɗauki gudu, sai na ji an damƙe mini wuyan hannu. Inna ce. Hannunta duk ya yi kanta saboda tatsar nono, riƙon kuwa ba na wasa ba. Na ji ƙasa ta sake mu, abin da na karanta sau ba adadi ya faru a jikina. Na leƙa ta gefenta, ba abin da nake gani sai mayafinta da ɗan haske. Ta cika tagar gaba ɗaya.

Can sai na ji ta ce, "Ikon Allah! Malam, ga burtali can." Ta fara ba ni labari, ba ta juyo ba. Ga rafi ya bushe, yashinsa fari fat. Ga wata fadama, in da a ce ta san da ita da nan za ta kawo shanu da rani. Ta tambaye ni ko ta saman Baure za mu bi, na ce wataƙila. Ta ce to bari ta duba ko za ta gane tsamiyar gidansu. Na rufe idona kamar yadda nake yi a tabarma, muryarta tana zana mini ƙasa. Sai haske ya ƙaru a fatar idona.

"Mun hau kan hadari," ta ce. "Kindirmo ne, Malam. Kindirmo aka zuba a ƙwarya, ba a taɓa shi da ludayi ba, har iya ganinka."

Na karanta bayanin girgije a mujallu iri-iri, babu wanda ya nuna mini shi kamar wannan tsohuwa. Hawaye suka zubo mini, ido a rufe. Da aka kawo abinci ta buɗe nata, ta tura mini naman da ke ciki ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Ci, hanya da nisa." Na ci a gabanta, ita ma ta ci.

Ta yi Hajjinta lafiya. Na ga lokacin da ta fara ɗora ido a kan Ka'aba, ta tsaya cak tana motsa baki. A dawowa ma taga ta sake faɗowa kaina, ban jira ta tambaya ba na matsa mata.

Muna isowa gida kunya ta koma mazauninta. Na ci gaba da tsugunawa a bakin ƙofa, ta ci gaba da juya fuska wajen bango. A majalisa suka yi ta tsokanata, wai Kyaftin ya je sama ya dawo bai ga sama ba. Amma in ina gidanta jirgi ya gifta can nesa, sai ta dakata da abin da take yi, ta ɗaga kai, ta ce da iska, "Ko wa ke bakin taga yau?" Ni kuma in sunkuyar da kai ina murmushi.

Sai bayan rasuwarta na sake shiga jirgi, na samu taga ni kaɗai, ba mai tare mini. Na leƙa, na ga kindirmo a ƙwarya, daidai yadda ta faɗa. Abin da na koya shi ne, sanin abu daban, sanin abin da ke damun wanda yake kusa da kai daban, kuma na biyun ba a mujalla ake samunsa ba, sai ka yi shiru ka saurara. Rannan na samu tagar da na yi shekaru ina nema, amma na fi kallon kujerar da ke gefena.