Gyaran Albasa a Cakulan ɗin Darakta

Ban taɓa mantawa da ranar da na ɗauki robar fiya a ka na nufi injin markaɗe a Jega ba. Duk shekara idan ɗalibaina za su fita aikin sanin makama, sai na zaunar da su na ba su wannan labari kafin su tafi. Wasu suna dariya, wasu suna ɗauka ƙirƙira na yi.

A shekarun farko ne bayan an yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato, lokacin da 'yan jiha ke ta dawowa gida suna karɓar sababbin kujeru. Ni kuwa ina ɗalibin difloma a fannin girki da kula da baƙi, aka tura ni wani gidan saukar baƙi na wata hukumar aikin gona a Jega. Ga wanda bai san tsarin irin wannan gida ba, Manaja ne a sama, sai mai kula da sito, sai kuku, sai masu gyaran ɗakuna da maigadi. Ɗalibi ba shi da matsayi, kowa na iya aikensa. Ni kuma mutum ne mai kunya, ba na son magana, kullum da littafi a aljihun riga. Ba wanda ya damu ya riƙe sunana, Ɗalibi kawai ake ce mini.

Kukunmu shi ne Baba Ummaru, mutumin Andarai, dattijo mai barkwanci da ya daɗe yana girki a gidan. Duk daɗewarsa ma'aikacin wucin gadi ne, wato ba a tabbatar da shi ba, ba shi da fansho, kuma kalma ɗaya daga Manaja ta isa ta raba shi da aikin. Manaja kuwa yana da wani suruki da ya taɓa aiki a otal a Birnin Kebbi, yana zaune ba aikin yi. Har maigadi ya san dalili kawai ake jira a sallami Baba a kawo surukin.

Sai sanarwa ta zo cewa Daraktan hukumar zai zagaya gonakin albasa na rani a Aliero da Maiyama, kuma a wurinmu zai ci abincin rana tare da tawagarsa. Darakta ɗan Aliero ne, amma ya daɗe yana aiki a Legas kafin a ƙirƙiro jiha ya dawo. Da safiyar ranar direbansa ya biyo da kwando daga Hajiya, matar Darakta, da saƙo na baki. Likita ya hana maigida maiƙo da sukari. Hajiya kuma ta ƙara nata a kan na likita: ba yaji, ba barkono, ba suya. A dafa masa kifi da ganye kawai. Bayan abinci a ba shi abin zaƙin da take yi masa a gida, na fiya da garin cakulan. Ga fiyar nan a kwando an zo da ita tun daga Jos, ga gwangwanin garin cakulan mara sukari, ga kwalbar zuma.

Baba Ummaru ya ɗauki fiya ɗaya ya jujjuya ya shinshina.

"Ɗalibi, wanga abu soya shi akai ko gasawa?"

Na ce masa ɗanye ake ci, kuma na san abin da Hajiya ke nufi, don mun karanta irinsa a makaranta. Turawa na kiransa mus. Asalinsa da kirim da ƙwai da sukari ake yi, amma don masu lalura sai fiya ta maye gurbin kirim da ƙwai, zuma ta maye gurbin sukari. A raba fiya nunanniya biyu, a cire ƙwallon, a kwashe tsokar da cokali, a ɗiga lemon tsami don kada ta yi baƙi. A murje ta har ta yi sumul ba gudaji, a zuba garin cakulan da zuma da ɗan madara, a juya, a sanyaya. Tun zuwana gidan ban taɓa yin magana mai tsawon wannan ba.

"Ashe kana da baki," in ji Baba. "To bisimilla."

Muka kwashe fiyar duka a roba. A lokacin ne wuta ta ɗauke, ga shi janaretan gidan ya daɗe a lalace, ƙaramin injin markaɗen kicin ya zama ado. Ban damu ba. Na ɗauko rariya da cokali na fara murje fiyar a hankali, tana fita ta ƙasa da laushi yadda ake so. Ina cikin haka Manaja ya shigo.

"Mi nika gani haka? Abincin Darakta kake murza da hannu kamar tuwon ƙauye? A Legas da inji akai mai. Ɗauki ka kai inji!"

Na buɗe baki zan ce injin unguwa na kayan miya ne. Ya riga ya juya yana faɗa wa mai sito wata magana. Na dubi Baba, Baba ya dubi rufin kicin. Umarnin Manaja ne, kuma mutumin da ake neman dalili a kansa ba ya musu.

Injin yana bayan gidan, a wata rumfa. Mai shi Malam Mamman, mutumin Sabiyal ta ƙasar Aliero, manomin albasa ne da ya sayi inji da ribar rani, kuma kullum da buhun albasarsa a gefe yana sayarwa. Na tarar da layin robobi da kwanoni. Yana ganin farar rigata ta kicin ya ɗaga hannu.

"Ku ba gwamnati hanya! Kawo nan, ɗan samari."

Attarugun wata mata ya gama markaɗawa. Ya watsa wa injin ruwa kofi guda, wanda a wurinsa shi ne wanki, ya karɓi robata ya leƙa. Ya ga abu kore. A tunaninsa duk abin da aka kawo inji kore, miya za a yi. Ya juye fiyar a bakin injin, ya tayar da shi, sannan ya miƙa hannu cikin buhunsa ya zaɓo manyan albasa guda biyu, ya ɓare, ya yanka ya jefa.

Na yi ihu, amma ihun mai kunya ne, kuma injin gas ne mai ƙarar da ko kiran salla ba a ji. Ya ga bakina na motsi ya ɗauka godiya nake yi. Da ya kashe injin ya dafa kafaɗata.

"Kak ka gode, gyara na ba ka. Ta gonata ce. Ya za a kai ma Darakta miya ba albasa, shi da anka haihwa Aliero? Ai sai a zage mu."

Ya ƙi karɓar kuɗin markaɗe ma. Na tsaya da roba a hannu, ban san yadda ake yi wa mutum faɗa a kan alheri ba. Na ce na gode, na tafi.

Na faɗa wa Baba komai. Babu sauran fiya ko ɗaya, kuma a Jega ta wancan lokaci ba abu ba ne da za ka fita ka samo a bakin titi. Baba ya cire hularsa ya mayar.

"To, Andarai ba ta ƙaura ba, gonata na nan," ya ce. "Ƙarasa aikinka yadda littafi yac ce, Ɗalibi. In za a kore ni, a kore ni da abu mai kyan gani."

Na ƙarasa. Na tankaɗe garin cakulan, na auna zuma da madara, na juya har ya yi sheƙi, na zuba a ƙananan kofunan gilashi na goge bakin kowanne. Muka jera su a cikin kula, muka zuba ƙanƙarar da aka sayo. A ido babu abin da ya fi shi kyau. A baki kuwa, da farko za ka ji cakulan, sai albasa ta taso, sannan attarugu ya biyo baya ya zauna a maƙogwaro.

Manaja ya shigo ya ɗanɗana. Tun safe yake shirin cewa shi ya tsara komai. Ya tofar a taga, ya kuskure baki, sai na ga fuskarsa ta washe.

"Ba komi. A kai hakanan."

Tawaga ta iso bayan azahar, an sallaci salla, aka zauna. Ni ke ɗaukar faranti, don haka komai a idona aka yi. Mataimaka da injiniyoyi suka ci shinkafa da naman kaza, Darakta yana tsakurar dafaffen kifi da ganye yana bin farantansu da kallo. Direba, wanda kowa ya san shi ne idon Hajiya, yana tsaye bakin ƙofa. Da na jera kofunan, Manaja ya miƙe ya gyara babbar riga.

"Ranka shi daɗe, wanga abin zaƙi aikin kukunmu na, Ummaru. Shi kaɗai yay yi shi da hannunai, ni ban sa baki ba ko kaɗan. A kira Ummaru shi tsaya nan."

Aka kira Baba ya rusuna a gefe. Akwai wata ƙa'ida a teburin manya da ba a rubuta ta ko'ina ba: ba wanda ke nuna ra'ayi a kan abinci sai babba ya nuna. Wasu sun riga sun kai cokali baki. Na ga wani injiniya ya ƙame, kumatunsa cike, idonsa ya kawo ruwa, ya kasa haɗiyewa ya kasa tofarwa, yana jiran fuskar Darakta.

Darakta ya ɗebo cokali guda ba tare da marmari ba, kamar mai shan magani. Ya sa a baki. Ya tsaya. Ya lumshe ido, ya ƙara wani cokalin, ya ƙara wani. Mutumin nan ya yi watanni bai ji yaji a harshensa ba, ga shi ya tashi yana cin ɗanyar albasa da ƙuli-ƙuli a gonar mahaifinsa. Ya saci kallon direba, sannan ya ɗaga murya.

"Wanga ba shi na abin da Hajiya ta aiko a yi mini ba?"

"Shi na, ranka shi daɗe," in ji direba.

"To ka shaida na ci abin da anka ce in ci." Ya juya ga Baba. "Dattijo, Allah shi yi ma albarka. Na daɗe ina cin abin ga kamar man shafawa. Yau anka sa mai hankali. Akwai ƙari?"

Injiniyan ya haɗiye. Nan take cokula suka fara ƙara a gilashi. Wani mataimaki, hawaye na bin kuncinsa, ya ce ko a manyan otal na Legas bai ci mai daɗinsa ba. Wani ya ce yana jin jininsa na sauka tun daga cokalin farko. Wani ya yi tari har sai da aka buga masa baya, da ya farfaɗo ya ce daɗi ne ya sarƙe shi. Aka matsa wa Manaja kofi, ya cinye tas a tsaye yana murmushi, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Ranka shi daɗe," ya ce, "ai ni nac ce a kai shi inji."

"Ba kai kac ce ba ka sa baki ba?" in ji Darakta. Ya tambayi Baba matsayinsa. Da ya ji har lokacin wucin gadi ne, ya ce wa sakatarensa a tabbatar da shi kafin wata ya ƙare. Haka kuwa aka yi.

Daga ranar abin ya samu suna, cakulan Darakta. Duk jami'in da ya sauka sai ya tambaya, don a ji a Birnin Kebbi cewa shi ma ya ci. Direbobi suka riƙa zuwa da fiya. Malam Mamman ya riƙa faɗa wa layinsa cewa gwamnati ba ta cin abinci sai ya sa hannu. Sau ɗaya na samu wuta na yi shi daidai yadda aka koya mana, ba albasa ba attarugu, kuma har yau ina ganin ban taɓa yin abu mai daɗinsa ba. Mataimakin da aka kai wa ya dawo da shi, ya ce a gaya wa kuku ya daina barin ɗalibai suna ɓata abinci.

Bayan na koma makaranta aka yi wa Darakta canjin wurin aiki. Baba ya gaya mini daga makon ba wanda ya sake tambayar cakulan. Wanda ya yi hawaye a teburi ma cewa ya yi shi dama can bai taɓa son abin ba. Baba Ummaru dai ya ci gaba da girkinsa har ya yi ritaya da fanshonsa ya koma Andarai.

Abin da nake gaya wa ɗalibai shi ne su koyi aikinsu daidai, su murje fiya har ta yi sumul, su auna zuma, domin wata rana za su girka wa mara lafiya na gaske da ke buƙatar abin yadda yake. Amma su sani a teburin manya harshe ɗaya ne ke ɗanɗano, sauran jira suke su ji abin da ya ji. Kuma idan Allah Ya kai su injin mutumin ƙasar Aliero, su faɗi abin da ke cikin robarsu da ƙarfi tun kafin ya tayar da inji.