Tsanin Baba Kafinta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan jiya, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Baba Kafinta bayan gajeriyar jinya. Ina shafa fenti a bangon wani shago matata ta kira ni ta faɗa mini. Na ce to, na kashe wayar. Da na sunkuya sai na ga a kan tsaninka nake tsaye, Baba. Da ƙyar na sauko.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne mai gidan nan na bayan tashar mota, inda ake saukar da iyalan da haya ta fi ƙarfinsu. Asalinsa wurin ajiye katakonsa ne, ya yanka shi ɗaki-ɗaki da hannunsa. A wasu wuraren raba iyali ake yi, maza nan, mata da yara can. Kai kuwa, Baba, ka ce wanda ya rasa muhalli ba za a ƙara masa da rasa iyalinsa ba. Kowa da ɗakinsa, da ƙofa, da makulli. Gidanka ne, amma ban taɓa ganin ka shiga ɗakin wani ba tare da sallama ba.

Ni shekarar da aka rufe kamfanin takalman da nake aiki na san gidan. Kayan masarufi sun yi tashin gwauron zabo. Muka sayar da firji, muka sayar da keken ɗinkin matata. Mai gidan hayarmu ya yi haƙuri har haƙurinsa ya ƙare. Wata la'asar muka iso da katifa ɗaure da igiya, ni da matata da 'yan matanmu biyu. Ita ta ja yaran ta shige. Ni kuwa na kafe a tsallaken titi, domin daura da ƙofar akwai shagon aski, benci cike da maza, kowa da idanunsa. Na gwammace ƙasa ta tsage in shige da a ga magidanci kamata ya shiga gidan nan.

Sai ga ka ka fito da tsani a kafaɗa, ka ɗaga murya yadda duk titin zai ji: "Kai mai fenti, sai yanzu? Tun safe nake jiranka. Kama nan!" Ni da ban taɓa riƙe burushi ba. Na karɓi tsanin, na ɓoye fuskata a bayansa, na shiga.

Daga baya na gane aikinka ke nan. Duk magidancin da kunya ta hana shi shiga, sai ka ba shi abin riƙewa. Wani bokitin siminti, wani guntun bututun famfo. Akwai wani ƙaton mutum da ya yi wata da watanni yana fita da ƙofa guda da safe, ya dawo da ita da yamma, har muka sa masa suna Mai Ƙofa. 'Yan bencin aski kan ce, "Baba, wai gyaran gidan nan ba ya ƙarewa ne?" Kai kuma ka ce, "Tsohon gini ne, kullum da inda yake yoyo."

Ba ka taɓa sa mu layin karɓar abinci ba. In 'yan kasuwa sun aiko da hatsi, sai dai mutum ya buɗe ƙofarsa ya tarar da rabonsa a gefe. Ka hana a cire yaro ko ɗaya daga makaranta. Da na yi maganar cire babbar 'yata, kwana biyu ka yi kana amsa gaisuwata a daƙile. Wani lokaci kakan tsaya a ƙofarmu ka ce da matata, "'Yata, ko akwai sauran shayi?" alhali naka na kan wuta. So kake mu ma mu ji muna da abin ba baƙo.

Tsanin da na ɗauka don ɓuya shi ya zama abincina. Wata mata ta tare ni a hanya in canza mata ƙwan lantarki, wani ya ce in shafe masa shago. Na dawo a ruɗe na faɗa maka, ka yi dariya har da riƙe ciki, sannan ka koya mini haɗa fenti a tsakar gida. Bangon farko da na shafa ka daɗe kana kallonsa, ka ce, "Ɗana, fenti ka yi masa, ko kuka ka sa shi?" Ranar da muka kama haya na kawo maka tsaninka. Ka ce, "Riƙe. Aro ne, ba kyauta ba. Ka dawo da shi in ka daina buƙatarsa."

Baba, abin da ya sa ni wannan rubutu ya faru ne a zaman makokinka. Na ga Mai Ƙofa, na ga mai bokiti, duk mun yi ƙiba, mun sha manyan riguna. Muka gaisa kamar ba mu taɓa bin layin banɗaki ɗaya ba. Ƙanenka da ya zo daga nesa, wanda maganar gado ke hannunsa, yana tambayar kowa abin da ya haɗa shi da kai. Wannan ya ce ciniki, wancan ya ce aikin famfo. Da aka zo kaina na ji bakina ya ce, "Na taɓa yi masa fenti."

Dattijon ya ce, "Ikon Allah. An ce mini Yaya ya rufa wa mutane asiri, amma duk wanda na tambaya ɗan kwangila ne. In haka ne, gara a sayar da ginin kowa ya huta." 'Yarka, wadda ke son ci gaba da riƙe gidan, tana jin mu daga ciki. A lokacin nan akwai iyalai a kowane ɗaki, wata ma da jariri. Babu wanda ya ɗaga kai a cikinmu.

Da muka koma gida matata ta ajiye mini abinci, ta ce, "Baban yara, ashe fenti ka yi masa?" Ban iya kai loma ba. Kunyar da na ji a tsallaken titi ba ta kama ƙafar wannan ba.

Washegari na saɓi tsanin na nufi gidan. Bencin na nan, wanzamin ma na nan, sai dai ya yi furfura. Ya ce, "Mai Tsani, an dawo gyara?" Na tsaya a tsakiyar titi na ce, "Ba gyara ba ne. A gidan nan na zauna da iyalina lokacin da ba mu da wurin kwana." Ya ajiye askarsa, ya ce a hankali, "Ai mun sani, ɗan'uwa. Wane mai fenti ne matarsa ke riga shi shiga da katifa? Baba ne ya roƙe mu mu riƙa tambayar gyaran, don ku samu abin faɗa."

Na jingine tsanin a bayan ƙofa, inda kake ajiye shi. Na shiga na faɗa wa ƙanenka komai, tun daga katifar. Ya share hawaye, ya ce zai dakata da maganar sayarwa, amma yana son ya ji daga bakin wasu. Mai Ƙofa, mai bokiti, da sauranku, kun dai ji. Dattijon yana nan har ƙarshen wata.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarsa da ƙanensa da jikokinsa, da iyalan da ke ɗakunan nan yanzu, domin su ma uba suka rasa. Allah Ya ba mu haƙuri. Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya ba ka gidan da ba a tashin kowa daga cikinsa. Yadda ka rufa mana asiri a bakin titi, Allah Ya rufa maka ranar da babu abin riƙewa. Amin.

Na dawo da aronka. Jiya ma na je gidan, na shiga ta gaban benci, hannuna babu komai.